Ɗigo Biyu da Karkatacciyar Sanda

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ita ke kula da shafin intanet na wani ɗakin gwajin jini, kuma ita ta samo mini aiki a kantar karɓar baƙi ta wurin. Ta-Lungu kowa yake ce mata, don teburinta yana can ƙarshen baranda, tsakanin firjin ajiye jini da ɗakin da ake zuba tsintsiya da bokitai. In ka leƙa za ka tarar ta tuɓe takalma, ta ɗora ƙafa kan wani tsohon kwali, tabarau ya zamo har karan hanci, 'yar fanka tana kaɗa mata bakin mayafi. Ba ta da faɗa, ba ta da yawan magana, sai dai tsaki in wuta ta ɗauke.

Da buga wa mutane takardu ta fara, a wani shago mai injin kwafi. Sai da ta yaye autanta ta koma makaranta, tana zama aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta, suna kiranta Mama tana gyara musu aikin gida. Babanmu har yau bai gane sana'arta ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Tana nan dai, tana kallon talabijin ɗin da ba ya magana."

Aikin shafin kuwa mai sauƙin faɗa ne. An ɗebi jininka, mu ba ka lamba da kalmar sirri, ka koma gida. In sakamako ya fito, ka buɗe wayarka ka gani, kai kaɗai, ba sai ka dawo ka tsaya gabana ina kallon fuskarka ba. Akwai waɗanda don wannan kawai suke tsallake wuraren gwaji na kusa da su, su zo namu. Cikinsu har da wata malamar makaranta, doguwa, mai sanyin murya, da ta jima tana zuwa. Kullum sai ta sunkuyo kan kantar da nake zaune ta ce mini, "Ƙanwata, ba dai mai gani sai ni ko?" Ni kuma in ce, "Haba Malama, ko ni ban isa ba." Ban san abin da ke cikin sakamakonta ba. Na dai san ko maigidanta ba ta faɗa wa ba tukuna, don ita ta gaya mini, ta ce tana tattara ƙarfin zuciya ne.

To, Gwaggo tana da wata al'ada ta aiki da ake mata dariya a kai. Duk ranar da ta taɓa wani abu a shafin, komai ƙanƙantarsa, sai ta saka takalma ta tako har wurina ta ce, "Tashi, 'yar Yaya, baƙuwa ta zo." Ta zauna a tsohuwar kwamfutata, ta shiga shafin kamar ba ita ta gina shi ba, kuma kamar baƙuwar da ba ta da tarbiyya. Inda aka ce rubuta suna ta zuba lambobi. Inda aka ce shiga ta nan, ta zagaya ta can. Ta roƙi abin da ba a ce ana bayarwa ba, ta ga ko za a ba ta.

Ranar da nake ba ku labari, hoton tambarinmu kawai ta sauya. Mai ɗibar jini, wanda muke kira Sauro, ya leƙo da auduga a hannu.

"Hajiya Ta-Lungu, don hoto guda ma sai an yi mana wasan ɓarayi? Ki bar yarinya ta zauna, ƙafarta ta gaji."

"Kai dai je ka ci gaba da cizon bayin Allah," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ina tsaye bayanta ina gani. Ta je saman allo, inda adireshin hoton yake, ta goge sunan hoton ta rubuta ɗigo biyu da wata karkatacciyar sanda. Shafi ya ce babu. Ta gyaɗa kai. Ta sake rubutawa, amma wannan karon da wasu lambobi da alamomi a madadin ɗigon. Ta ƙara wani suna a ƙarshe, ta danna.

Sai ga takarda ta buɗe. Takardar gwaji ce irin tamu, amma ta bogi, wadda ita da kanta ta ajiye tun tuni cikin ma'ajiyar sakamako don gwaje-gwajenta. Ba lamba, ba kalmar sirri, ba komai.

Ta janye hannuwanta daga kan madannai a hankali, ta ɗora su kan cinya, kamar wadda ta ga kunama a kan tebur.

"Gwaggo, lafiya?"

"Kira mini Likita. Kar ki yi gudu, mutane na kallo."

A ofishin Likita, mai wurin, ta yi bayani, ni kuma na maƙale bakin ƙofa da sunan riƙe labule. Ta ce babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafinmu kamar gida ce mai ɗakuna. Akwai ɗakin baƙi, inda hotuna da tambari suke, kowa na iya aika masinja ya ɗauko masa abu daga nan. Kusa da shi akwai ɗakin sakamako, wanda ba a shiga sai da kalmar sirri. Ɗigo biyu da sanda, a yaren kwamfuta, ma'anarsu ita ce koma baya, fita daga ɗakin nan. Akwai mai gadi a ƙofa da ya san wannan, in ya gan su a rubuce sai ya hana. Amma in ka sa musu rigar lambobi bai gane su, sai ya ce a wuce. Masinja kuma can ciki ya tuɓe musu rigar, ya karanta, ya yi biyayya. Ya fita ɗakin baƙi, ya shiga na kusa, ya ɗauko duk abin da aka ce, ya miƙa wa ko wane ne.

Likita mutum ne mai haƙuri, amma ranar gumi ya keto masa. Ya ce, "Hajiya, ba ƙaryata ki nake ba, amma makon nan wani kamfani ya turo mana ma'aikatansa kaf, kowa na jiran sakamako a waya. Kin tabbata ba don kina cikin gininmu ba ne ya buɗe miki?"

"Tambaya ce mai kyau, ranka ya daɗe. Ɗauki hoton duk abin da ka ga dama, ka sa a ma'ajiyar sakamako, ka gaya mini sunan da ka ba shi kawai."

Ta fita, ta tsallaka titi, ta tsaya gindin wata fitilar hanya da wayarta, motoci na giftawa. Muna kallonta ta taga. Likita ya ɗauki hoton takalminsa na hagu, mai ɓulallen baki, ya ajiye, na buga mata na faɗi sunan. Ba a jima da sauke wayar ba ta ɗago kai ta ƙwala daga can, "A gaya wa Likita ya kai takalmin nan wurin mai gyara!"

Sauro ya fashe da dariya, shi kaɗai. Likita ya ce, "A rufe shafin."

Aka rufe. Ranar da kwanakin bayanta na san na ci aiki. Layi ya fita har bakin titi, muna miƙa sakamako hannu da hannu cikin ambulan, wani na masifa, wani na tambaya ko mun karye ne. Abin da aka ce mu faɗa shi ne an samu matsala ana gyara, kuma gaskiya ne. Amma da Malama ta iso gabana ba masifa ta yi ba. Ta riƙe bakin kantar da hannu biyu ta ce, "Wace irin matsala? Ƙanwata, dube ni. An ga nawa?"

Bakina ya buɗe da "haba Malama" ɗin da na saba, sai na ji muryar Gwaggo a bayana.

"Malama, ni ce mai kula da shafin. An bar wata kafa a buɗe, na toshe ta. Ko wani ya bi ta kafin in gani, ban sani ba tukuna. Ina dubawa. Ranar da na sani zan faɗa miki, da daɗi ko ba daɗi."

Malama ta karɓi ambulan ɗinta ta tafi. Na ce, "Gwaggo, da kin bari na kwantar mata da hankali." Ta ce, "Da me?"

Da rana na kai mata shayi lungunta, na tarar ta buɗe tata 'yar kwamfutar ta gida kusa da ta aiki. Na ce ta daina damun kanta, kowa na kuskure. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ai da kuskurena ne da na ji sauƙi, 'yar Yaya. Zauna."

Ta ce masu irin aikinta ba sa fara gini daga tonon ƙasa. Akwai shiryayyen harsashi da wasu gwanaye suka haɗu suka yi, suka sake shi kyauta, kowa ya ɗauka ya ɗora nasa ginin. Mai gadin nan da masinjan nan da harsashin suka zo. Kuma saboda kowa na amfani da shi, kowa ya ɗauka wani ya riga ya duba. Ta sauko da sabon kwafi fil a kwamfutarta, ba ta taɓa komai ba, ta gwada, ya buɗe.

"To shafi nawa ne a kan harsashin?"

"Wa ya ƙirga? Makarantu, asibitoci, shaguna, ofisoshin lauyoyi, a ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba."

"Duk za ki iya shiga?"

"Yatsuna za su iya."

Na dubi yatsun. Yatsun da suka tsefe mini kai ina ƙarama, ɗaya da filasta don wuƙa ta yanke ta wajen yanka albasa. Mace ce zaune kusa da ɗakin tsintsiya, ba takalmi, kuma a wannan ranar ƙofofin da ba su ƙirguwa a faɗin duniya suna buɗe a gabanta, masu su suna ta harkokinsu ba su sani ba. Na ce a hankali, "Ko ɗaya ba ki gwada ba? Don dai ki tabbatar?"

"Na tabbatar a nawa. Kowane shafi a cikinsu akwai wata Malama a bayansa." Ta kurɓi shayin. "Kin cika sukari."

Ta aika wa masu harsashin saƙo ta hanyar da suka ware don irin wannan, ta kuma ja mana kunne, ni da Likita da Sauro, kada wanda ya ambaci ɗigo ko sanda a waje sai sun fitar da gyara. Sauro, da bakinsa bai taɓa riƙe magana ta kwana ba, ya riƙa yawo kamar mai ciwon haƙori. Da masu harsashin suka amsa suna godiya suna tambayar sunan da za su rubuta, ya ce, "Hajiya, a sa nawa a ƙasa, ai ni na tsokane ki kika gano."

Namu shafin ta ɗauke ɗakin sakamako ta kai shi inda masinja ba zai kai ba, ta sake buɗe wa jama'a shafin. Saura babban aikin. Kwamfutar tana rubuta sawun duk wanda ya taɓa neman wani abu a shafin, Gwaggo kuwa ba ta taɓa goge ko layi ɗaya ba tun da aka kafa shi. Ta bi sawun nan kaf, ta nemi ɗigon a fili, ta neme shi cikin kowace rigar da ta san ana sa masa, ta sake komawa farko don ba ta yarda da idonta ba. Idanun suka yi ja. Malama ta zo wucewa wata rana, ta tsaya bakin ƙofa ta dube ni kawai, na girgiza kai, ta wuce.

Ranar da masu harsashin suka fitar da gyara suka sanar wa duniya, Gwaggo ta kira ni da hantsi. "Zo ki ga baƙi."

Allonta na gudu da layuka kamar ruwan sama a kan kwano. Kowane layi ɗigo biyu ne cikin rigar lambobi, kowanne daga wata kusurwa ta duniya, injinan mutanen da suka ji labari da safen nan suna bin shafuka ɗaya bayan ɗaya suna murɗa ƙofa. Namu ɗan wurin gwajin da ko allon sunansa ya koɗe, sun same shi. Kowane layi kuma a ƙarshensa amsa ɗaya ce: babu. Likita ya zo ya tsaya bayanmu, ya cire hula ya riƙe. Sauro ya ce, "Innalillahi. Dama haka waje yake?"

Gwaggo ta saka takalma ta ce in buga wa Malama.

Da ta zo, Gwaggo ba ta kai ta ofis ba, ta ja ta gefen baranda, ni ina kusa da tulun ruwan sanyi.

"Na gama dubawa. Tun ranar da aka kafa shafin har ranar da na toshe kafar, mutum ɗaya ne ya bi ta, ni ce. Abin da na ɗauko kuma takardar bogi ce da hoton takalmi. Naki ba wanda ya buɗe shi sai ke."

Malama ta laluba benci ta zauna. Ta ce in ba ta ruwa, ta shanye, ta miƙo kofin na ƙara mata. Ta goge fuska da bakin mayafi, ta yi wata 'yar dariya mai rawa.

"Kwanakin nan duk wanda ya kalle ni sai in ce ya sani. Har mai kayan miya." Ta miƙe, ta gyara jakarta a kafaɗa. "Na gode, Yaya. Bari in je gida. Yau zan faɗa wa maigidan, da bakina."