Aljanin da Aka Ɗora wa Laifi

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo Batsari ba aiki, kusan kullum ina shagon wani abokina mai caji da tura fina-finai. A can muka bi wani dogon shirin Turawa, na wata yarinya da aka tsinci gawarta, gari duka ana neman wanda ya kashe ta. Ba a yi masa fassara ba, don haka ni nake mayar wa masu zama a shagon da shi Hausa, gwargwadon abin da kunnena ya kama.

Daga baya mai shagon ya samo fim ɗin da ya koma baya, ya nuna kwanakinta na ƙarshe tana raye. Bayan azahar muka kunna. Ban tabbata na fahimce shi duka ba, amma abin da na gane ya ishe ni: a gidansu ake cutar da ita, kuma ubanta ne. Akwai wani mugun abu da ake nunawa kamar yana shiga jikinsa.

“Ɗan boko, ka yi shiru,” in ji telan da ke maƙwabtaka da shagon. “Turancin ne ya ƙare?”

Na faɗa musu abin da na gani.

“Haba, ai ba shi ba ne,” in ji tela. “Aljani ne ya hau shi. Bawan Allah, shi ma abin tausayi ne.”

Kowa ya gyaɗa kai, aka ci gaba da ɓare gyaɗa. Yarinyar tana kuka a gabansu, su kuwa sun riga sun sallami uban. Wataƙila masu fim ɗin ma haka suke nufi, ban sani ba. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, domin kwana huɗu ke nan ƙanwata tana gida. Daga gidan mijinta a Wagini ta zo, hannunta a kumbure, ko tulu ba ta iya ɗauka. Baffanmu, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu, ya ce mijinta iskoki ke damunsa, an yi masa ruƙiyya, ya samu sauƙi. Ni aka sa in mayar da ita a babur ranar Juma'a, kuma na amsa da to.

Ba na musun aljanu. Abin da ya tsaya mini shi ne, wannan aljanin bai taɓa dukan mai gari ba, bai taɓa dukan yayan mijin ba. Ƙanwata kaɗai yake gani, kuma sai an rufe ƙofa.

Bayan la'asar na samu Baffa a zaure, na durƙusa na gaishe shi. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, “Baffa, ina ganin, in ba laifi, ko a ɗan jinkirta.”

“Kai ne ka fi malamin da ya duba shi sani?”

“A'a, Baffa. Amma ni dai ba zan kai ta ba.”

Ya ce zai nemi ɗan acaɓa. Na ce duk wanda ya zo, zan nuna masa hannunta tukuna. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Sati biyu bai amsa gaisuwata ba.

Ranar Juma'a babu babur ɗin da ya tsaya a ƙofarmu. Ƙanwata ta wuni a ɗakin Inna, tana tsintar wake da hannu ɗaya.