Jan Maɓallin Babur Ɗin Yaya

Shekarun baya, lokacin ina da cikin ɗana na fari, ina sayar da shinkafa da wake a ƙofar wani kamfanin roba da ke Sharaɗa. Maigidana a Challawa yake aiki wajen masu jimar fata, tun asuba yake bin motar ma'aikata. Don haka yayana ne ke biyowa ta gidanmu a Na'ibawa ya ɗauke ni a babur, da yake shi ma a kamfanin robar yake.

Lodinmu kuwa abin kallo ne. Babbar kula a kan tanki, an ɗaure ta tamau, ta rufe makullin babur ruf. Ƙaramar a cinyata, kwandon kwanuka a baya, ni da cikina a tsakiya. Mahaifiyata ba ta so hakan ba ko kaɗan. Kullum sai ta tuna masa cewa rai biyu yake goyo, shi kuma ya sunkuyar da kai don kunya ya ce in sha Allahu zai kula.

Yayan nawa yana da wata ɗabi'a da take ci min rai. Akwai wani ɗan jan maɓalli kusa da totur, wanda in an danna shi injin ke mutuwa nan take. Duk safiya sai ya tayar da babur, ya danna maɓallin ya mutu, ya mayar da shi, ya sake tayarwa, sannan mu tafi. In mun isa ma da shi yake kashewa, sai an sauke kula ya murɗa makulli. Ni kuwa ga shinkafa tana hucewa, ga masu aikin dare sun kusa tashi da yunwarsu. Na sha ce masa babur dai ba jariri ba ne da za a riƙa tashinsa ana kwantarwa.

Yawancin abokan aikinsa sun sa bakanike ya cire musu wayar maɓallin. Dalilinsu kuwa ba na banza ba ne. Yaran unguwa kan danna shi in ka ajiye babur, ka fito ka yi ta buga kik har gumi ya jiƙa maka riga. Shi ma sun taɓa yi masa a ƙofar gidanmu, na tsaya ina dariya har da riƙe bango. Duk da haka ya ƙi cirewa. Da na dame shi da tsiya, sai ya ɗaga babban yatsansa ya ce, "Ke dai bari. So nake yatsan nan ya san hanya ko ban aike shi ba."

Wata safiya da damina, an kwana ana ruwa, muka shigo layin kamfanonin. Titi duk taɓo, ma'aikata sun cika gefe da gefe, masu shiga da masu fita. Ya ɗan ja totur don ya wuce wani keke napep da ya tsaya sauke mutane. Da ya saki, totur bai koma ba. Na ji injin ya ɗauki wani irin ƙara, babur ya zabura, ƙaramar kula ta daki cikina. A gabanmu kuma, ba nisa, wata tirela ta gindaya a titi tana ja da baya za ta shiga ƙofar kamfani.

Ina so in ce muku na yi jarumta, amma salati kawai nake zubawa, rabi a baki rabi a ciki, na ƙanƙame rigarsa. Abin da ya zo min shi ne makulli, ga shi kuma ƙarƙashin kular shinkafata. Kafin ya kai gare shi dole sai ya saki hannu ɗaya ya laluba, a cikin taɓo, da mai ciki a baya.

Bai saki komai ba. Ina kallo ta kan kafaɗarsa, hannun hagu ya damƙe kuloci, babban yatsan dama ya zame kan jan maɓallin, injin ya yi tsit. Shirun nan har yau ina jin sa a kunnena. Sai ya riƙa kama birki a hankali, gaba da baya tare, babur na gangarawa yana ɗan wutsil-wutsil, har muka tsaya dab da tayar tirelar. Da na miƙa hannu da na taɓa ta.

Mutane suka taru ana ta sannu da barka. Shi ko kallonsu bai yi ba. Ya riƙe babur har na sauka, ya kira wata dattijuwa mai ƙosai da muke zama kusa da juna. Kunya ba za ta bar shi ya tambaye ni zancen ciki ba, sai ya ce mata, "Inna, don Allah ku duba min ita."

Ta ja ni bayan rumfarta, ta zaunar da ni, ta ɗora tafin hannunta a cikina. Muka jira mu ji motsi. Tsoron da na ji a zaman nan ya fi na kan titi. Can sai na ji an harbe ni daga ciki, harbi mai kyau. Dattijuwar ta leƙa waje ta ce masa, "Lafiya lau, ɗan nan. Je ka kama aikinka."

Sai a lokacin ne ya juya ya kwance igiyar kula, wani ya taya shi saukewa. Daga baya bakanike ya ce wayar totur ce ta tsattsage a ciki, ruwa ya shiga ta yi tsatsa ta maƙale. Yaya ya tura babur ɗin da ƙafa, bai yarda ya sake tayar da shi ba sai da aka canza ta. Daga ranar kuma kuloli kawai yake ɗauka, ni a keke nake bin bayansa har na haihu.

Na daɗe ina tunanin abin. Ban ga laifin masu cire wayar ba sosai, kowa gudun wahala yake. Amma yayana ya yarda a yi masa dariya kowace safiya, ya sha gumin buga kik, saboda wata rana da bai san za ta zo ba. Ina ƙaunarsa tun muna yara, amma tun daga ranar nake ganin girmansa ta wata fuska daban. Har gobe in na hau bayan babur sai na leƙa hannun dama, in ga ko maɓallin na nan.

Maigidana ya daɗe da cewa in namiji ne, sunan mahaifinsa zai sa. Ranar suna, bayan an shafa fatiha, aka aiko cikin gida aka faɗa mana sunan yayana ne. Ɗan fari ne, dama ba zan iya kiran sunan ba. Yanzu ya fi ni tsawo, amma Yaya nake ce masa.