Yadda Wahabu Ya Koma Benci

Wahabu Saani ya zo London daga unguwar Nima ta Accra a 1981, ya sami aikin lodin tayoyi a wani sito a Dagenham. Besbol kuwa, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, tun yana yaro ya koya, a hannun wani malami Ba'amurke a Accra. Duk Lahadin bazara yana filin ciyawa a Barking, yana yi wa wani ƙaramin kulob jifa. Shi ke buɗe wasa, yana jefa wa 'yan bugu ƙwallo tun daga zagaye na farko har na tara. Shekara tara yana haka, ba a taɓa karɓar ƙwallo a hannunsa an ba wani mai jifa ba.

A 1990 kafaɗarsa ta dama ta fara gardama. Da an wuce zagaye na biyar sai jifan ya yi sanyi, abokan hamayya su yi ta zabga shi. Kocin kulob ɗin, Kambai, mutumin Kudancin Kaduna ne, kuma amininsa. Ya ja shi gefe ya ce daga yau wani zai riƙa buɗewa, shi ya zauna a benci, in mai buɗewar ya gaji a kira shi ya ƙarasa.

"Ka yi dropping ɗina ke nan," in ji Wahabu.

Kambai ya rantse ba haka ba ne, so yake hannun ya daɗe. A gida Wahabu ya ce wa matarsa Awawu an mai da shi safaya.

Amma ya iya sabon aikin. Zagaye biyu kawai yake yi, ya zuba ƙarfinsa duka. Wasa shida ya ceto a 1991. Abin da ke cinsa shi ne jira. Sai ya yi awa biyu a zaune cikin iska, a ce ya tashi ya ɗumama hannu, a fasa, can kuma a sake kira.

Wata Lahadi a Mayun 1993, ana yayyafi, aka kira shi bagatatan. Ya ji kunyar neman minti biyar na ɗumama hannu. A jifa na huɗu wani abu ya tsinke a kafaɗar, ya durƙusa. Likita ya ce jijiya ce ta yage, kuma ɗinki ba zai mayar da ita yadda take ba.

Masu sito suka sallame shi, don taya ba ta ɗaguwa da hannu ɗaya. Awawu ta ƙara aikin goge-goge a ofisoshi. Kambai ya zo flat ɗinsu sau uku, Wahabu yana cewa a ce barci yake. Daga baya Kambai ya koma Birmingham.

Zuwa 1997 Wahabu yana shara a kasuwar Stratford da hannun hagu. Ko a kabbarar salla ba ya iya ɗaga na dama ya wuce ƙirji. Awawu ta ce bai taɓa zargin kowa a gabanta ba, sai dai ranar Lahadi ba ya cin abincin rana.