Rijiyar Gindin Tsauni

Na dawo Illela daga kwaleji a farkon zamanin Turawa, shekarar da damina ta gaza, rijiyoyin unguwarmu suka ƙafe. Kawuna mai unguwa ya kai ni gindin tsaunukan gabas, tare da wani tsoho mai haƙar rijiya.

Kawu ya ce, "To ɗana, kai da boko, mi duwatsun ga sunka hwaɗa maka? Ina za mu gina?"

An koya mana a kwaleji cewa a tsaunukan nan jar marmara ce a sama, ƙarƙashinta farin dutse mai ɓawon katantanwa, alamar teku ta taɓa kwanciya nan, sannan yumɓu mai riƙe ruwa. Raina ya fi kwanciya da kwarin arewa, amma na ji tsoron wahalar da mutane a banza. Na nuna kwarin na ce, "Wataƙila can, Kawu, sai dai ban tabbata ba."

Tsohon ya yi dariya, ya nuna wani suri, ya ce gara ba ta nisa da ruwa.

Gaba ashirin suka haƙa a gindin surin, ko danshi babu. Gidaje suka kwashe zuwa Konni, ƙetaren iyaka, har da na Kawu. Ni aikin koyarwa ya riƙe ni. Da la'asar nakan hau tsaunin ni kaɗai, in hango hayaƙin girkinsu a ƙasar da Faransa ke mulki.