Akushin da Aka Ture Gefe

Shekarar da ta biyo bayan babban fari maigidana ya fara susa. Na ɗauka ƙaiƙayin gero ne, har ina yi masa tsiya cewa sai da rumbu ya zama wayam sannan ƙaiƙayi ya tuna da shi. Sai jajayen ƙuraje suka feso masa hannu da ƙafa, wasu suka ɗuri ruwa suka fashe. Kaluluwa ta fito masa a wuya da hammata, ta ƙi sauka. Wanzami ya yi ƙaho har ya gaji.

A ƙauyenmu, kusa da Guci, maza a ƙofar gida suke cin tuwo, kowa ya fito da akushinsa a haɗa hannu. Wansa ne ya fara cewa kuturta ce, shi ne kuma ya sa ƙafa ya ture akushinmu gefe a gaban jama'a. Wan nan nasa da muka sayar da sanmu lokacin fari muka ciyar da gidansa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Muka tafi asibitin Magarya, aka tura mu na Damagaram. Lokotoro ya ɗebi jini, ya yanki ɗan nama a wuyan. Da sakamako ya fito ya ce wasu ƙwayoyin jini ne suka yi yawa fiye da kima, su ke ɓata fatar, tushen abin kuma ciwon daji ne a kaluluwar. Ba a ɗauka, amma warkewa da wuya. Ni kalmar ƙarshen na ji. Shi kuwa abu ɗaya ya tambaya:

"To, zan iya cin tuwo da mutane?"

Aka ce masa ƙwarai kuwa.

Ranar da muka dawo ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki akushi da kansa ya fita. Ina daga bayan danga na ji ya gama bayani, wansa ya ce:

"Ƙanena, ai ba lokotoron ne zai sa hannu a ciki ba."

Ya shigo da akushin a rufe, bai sake fita da shi ba. Bai ga kaka ba.

Ranar sadakar uku ina cikin takaba, na ce wa matan da ke rabon tuwo su zuba wa wansa a wannan akushin. Ya cinye tas, ya aiko a ƙaro miya. Lafiya lau ya tsufa.