Hedimasta da Sandar Fitila

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa, goma sha biyu daga ciki yana shugaban makaranta, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Hedimasta yake ce masa. Da ya ajiye aiki sai zaman gida ya gagare shi. Ya kwance famfon da lafiyarsa ƙalau, ya jera tukwane daga babba zuwa ƙarami. Ranar da ya fara gyara wa matarsa riƙon wuƙa, ita da kanta ta kira 'yar ƙanwarsa a waya, ta ce ta zo ta ɗauki kawunta ta sama masa abin yi.

'Yar ƙanwar tasa mai hoton biki ce, shagonta ɗaki biyu a saman wani kantin magani. Su uku ne a wurin: ita, da Dogo mai bidiyo, da wata mai gyaran hotuna a kwamfuta wadda magana ba ta dame ta ba. Hedimasta ya iso da tsohuwar kyamararsa rataye a wuya, yana jiran a nemi shawararsa. Sai aka miƙa masa fitila a kan sanda da jakar batura, aka ce wata uku zai yi yana koyo.

"Kawu, inda na juya nan za ka juya. In na ɗaga hannu, ka ɗaga fitila. Aikin ke nan."

Ya ce ai wannan ko ɗan aji ɗaya zai iya. Shi da bakinsa yake ba da labarin, kuma duk ya zo nan sai ya tsaya ya yi wa kansa dariya.

A biki na biyu, cikin wani zaure mai jan labule da ƙarancin haske, ya hango kakar amarya a lungu tana share ido. Zuciyarsa ta ce masa ga hoton shekara, yaran nan ba su ma gani ba. Ya jingine fitila a bango, ya taka zuwa wurinta. Daidai lokacin ango da amarya suka shigo. 'Yar ƙanwarsa ta ɗaga hannu, ta sake ɗagawa, babu haske babu Kawu. Shi kuwa garin neman wurin tsayawa mai kyau ya je ya tokare gaban Dogo.

Ran Litinin suka haɗu a shago. Mai kwamfuta ta kunna bidiyon. Inda ya kamata a ga shigowar amarya, ƙeyar Hedimasta ce ta cika allo, sanƙo yana sheƙi. Ta mayar baya ta sake kunnawa. Sannan ta buɗe hoton da ya ɗauka: ya fito dishi-dishi, kuma ashe tsohuwar ba kuka take ba, maganin ido ta ɗiga. Ya ce da ma tsawa aka yi masa da ya fi samun sauƙi.

Kwana biyu mai kwamfuta ta yi tana ƙara wa hotuna haske ɗaya bayan ɗaya, Dogo yana bin baƙi yana roƙon wanda ya ɗauki shigowar a wayarsa. Hedimasta ya ja kujera ya zauna kusa da su, yana kallon wahalar da taku goma nasa ya jawo wa mutum uku. Ya ba su haƙuri, abin da ya ce bakinsa ya daɗe da manta yadda ake yi.

Daga nan ya bar kyamara a gida. Ya koyi kallon kafaɗar 'yar ƙanwarsa maimakon kallon biki, ya san inda igiyar kyamarar Dogo ta bi, yana miƙa batir tun ba a tambaya ba. Su ma suka gano amfaninsa: in za a tara dangi a yi hoto, kira ɗaya yake yi kowa ya miƙe, har masu cin abinci.

Wata uku suka cika bai tafi ba, ba kuma wanda ya tuna masa. A wani biki kwanan baya, angon ya zamo tsohon ɗalibinsa ne, wanda Hedimasta ya sha sa shi durƙuso a bakin ofis saboda makara. Ana ɗaukar hoton sa zobe 'yar ƙanwarsa ta ce, "Kawu, ƙasa da fitilar. Ƙara dai. Durƙusa."

Ya durƙusa a gaban yaron, hannu biyu a sama riƙe da sanda. Ango ya rikice yana neman tayar da shi. Hedimasta ya ce masa ya tsaya cak kada ya ɓata musu aiki. Sai da aka gama Dogo ya kama shi ya miƙe, don gwiwar ta ƙi.