Ranar da Kaka Ta Shiga Jirgin Fatalwa

Har yau in mai shagon da ke ƙasan gidanmu a unguwar Zahir ya ja ƙofarsa ta ƙarfe, ƙiiii, sai in zabura. 'Ya'yana dariya suke yi mini, wai uwarsu tana tsoron ƙofa. Ku rabu da su, me suka sani? Haka ƙafar jirgin fatalwa take kuka a kan dogonta.

A unguwar Misfala ta Makka na tashi, gida ɗaya da kakata ta wajen uwa. A ƙasa ta zo Makka daga Nijeriya, ta Chadi da Sudan, kuma a hanya ta haifi ɗanta na fari, wato Kawuna, a wani ƙauye da ita kanta ta manta sunansa. Ƙannensa da aka haifa a nan duk sun sami iƙama, takardar zama. Shi kuwa babu. Mutum ya doshi arba'in, Larabci a bakinsa kamar ruwa, amma in ya hango motar masu binciken takardu sai ya sake lungu.

Kaka mutumiyar da ce, mai kunyar ɗan fari. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko da kuskure. "Wancan" take ce masa. In ta kwashe tuwo sai ta miƙo mini kwano ta ce, "Kai wa wancan." Amma tsokar da ta fi kowace girma a kwanon nan take, na sha ɗaga murfin in gani.

Ina 'yar firamare aka buɗe malahi a bayan gari, wurin wasa mai lilo da motocin karo da alawar auduga. A can ƙarshe aka kafa jirgin fatalwa: 'yan kekuna masu kujera biyu, su shige da ku wani gini mai duhu, su yi ta kwana, su fito da ku ta ɗaya ƙofar. Da farko bai yi kasuwa ba. Yaran da kullum suke ganin ana wucewa da gawa zuwa Harami, su za a tsorata da ƙoƙon kan roba? Sai mai wurin ya ɗauki Kawu aiki, tun da a cikin duhu ba mai tambayar takarda. Kawu ya naɗe jikinsa da farin ƙyalle, ba ya ihu, ba ya tsalle. Hannunsa kawai yake tsomawa a ruwan ƙanƙara, in keke ya zo wucewa ya shafi wuyan mutum. Wayyo! Ƙatti masu gemu sun fito suna salati. Kafin shekara ta zagayo layin jirgin ya kai bakin titi, har daga Jidda ake zuwa, ana ta raɗe-raɗin cewa aljani na gaske ne ya tare a ciki.

Kaka ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ta ce wa bango, don shi take gaya wa magana in Kawu yana kusa, "Likkafani ba rigar wasa ba ce." Daga nan ko dabino ya sayo ba ta ci.

Ran nan kashegarin ƙaramar Sallah, da la'asar sakaliya, Umma ta kai mu, tana fama da tsohon ciki. Kaka ta biyo mu don tsaron takalma da butar shayi, ta shimfiɗa darduma ta juya wa jirgin baya. Zafi bai gama sauka ba, ƙasa tana huci, wurin ya cika maƙil da 'yan yawon Sallah. Ina cikin layi sai na ga mutum huɗu ko biyar cikin kaki sun shigo, sun bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya suna karɓar takardu. Ɗaya ya zo ya tsaya daidai ƙofar fitar jirgin, ya harɗe hannu.

Mai sayar da tikiti, wani Bayamane abokin Kawu, ya yafito Umma kamar zai ba ta canji. Da ta juyo na bar layi na bi ta. Ta durƙusa gaban Kaka ta ce a hankali, "Inna, ba su san da mutum a ciki ba, sun ɗauka duk inji ne. Amma da an kira magariba za a kashe komai, kin san shi, fitowa zai yi alwala. Ni kuma ba za su bar ni in hau da cikin nan ba."

Rana ta riga ta yi ja a kan duwatsu. Kaka ta dube ta, ta dubi ginin da ta rantse ba za ta ko kalla ba. Sai ta miƙe ta gyara lulluɓinta, ta damƙi hannuna. "Mu je," in ji ta.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma ba na fatalwa ba ne. Muka wuce ta gaban mai kakin, muka zauna, aka sauke mana ƙarfe a cinya. Ƙofa ta haɗiye mu. Duhu, warin giris da jiƙaƙƙen buhu, lasifika tana kwarara kururuwa har haƙorana suna amsawa. Kaka tana karanta Ayatul Kursiyyu, farcenta ya shige fatata. Kwanar farko, babu shi. Wata kwanar, sai ƙwarangwal na roba. Na fara hango siririn hasken ƙofar fita a can gaba, na ce shi ke nan, mun wuce shi.

Sai ga farin abu a gefenmu, hannu ya miƙo.

Kaka ta ce, "Kai!" Lasifika ta cinye. Ta ce, "Kai wancan!" Hannun bai tsaya ba, keken kuma yana ja. Sai na ji ta buɗe murya, muryar da ban san tana da ita ba, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke. Ta sake kira. Hannun ya daskare a iska. Ta ce kada ya fito, ni ma na ƙwala cewa kada ya fito, amma keken ya riga ya fizge mu.

Muka faɗo cikin haske, ladan yana ɗaga murya. Ban gama sauke numfashi ba sai na ji gudu a bayanmu kan dogo. Kawu ne, da likkafaninsa, ƙafa ba takalmi, ya bangaje ƙofa. Mutanen layi suka kwashe da dariya da tafi, sun ɗauka cikin wasan ne. Shi ko ganinsu bai yi ba. Ya zube gaban keken yana haki, "Inna, lafiya? Me ya same ki? Wa ya rasu?"

Ina laifinsa? Uwar da ba ta taɓa kiran sunanka ba, ka ji ta ƙwala shi a cikin duhu, ai ka san duniya ce ta tashi. Mai kakin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Iƙama." Kaka ta sunkuyar da kai, ta ja lulluɓi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna girgiza.

Aka mayar da shi Nijeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Jirgin bai ƙara yin albarka ba. Mai wurin ya sayo wata 'yar tsana mai lantarki ya naɗe ta da farin ƙyalle, yara suka gane ta a mako guda, suka riƙa jifanta da ɓawon gyaɗa. Layi ya ragu, fenti ya ɓare, zanen ƙwarangwal na bango ya koɗe har ya koma abin tausayi. Daga baya aka mayar da ginin ma'ajiyar karyayyun lilo. Yanzu in kuka je, fili ne da motocin alhazai suke kwana. Yaran yau kuwa abin da suke kallo a waya ya fi ƙarfin hannu mai sanyi, ba na jin akwai abin da zai sa su salati.

Kaka ta rayu shekaru bayan haka, ba ta sake ganinsa ba. In ya bugo waya ba ta karɓa, sai ta matso kusa ta ce a tambayi wancan ko yana cin abinci.

Yana Kano yanzu, ya tsufa, Hausarsa har yau da gargadar Larabci. Bara muna hira ta waya na kasa haƙuri, na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina: bai taɓa jin haushinta ba? Da ta yi shiru, da wataƙila yana nan tare da mu. 

"Ke yarinya ce har yanzu," in ji shi. "Tun ina goye nake jiran in ji sunan nan a bakinta. Wallahi da za ta sake kira, ko wa ke tsaye a ƙofar, fitowa zan yi."